Mai Zanen da Ya Hana a Kaɗe Ƙura

A birnin Bolonya da ke arewacin Italiya akwai wani tsohon titi da ake kira Fondaza. A kan wannan titi ne Jorjo Morandi, wanda mutanensa ke rubuta sunansa Giorgio Morandi, ya zauna tun daga 1910 har ranar da ya rasu a watan Yunin 1964, yana da shekara 73. Bai taɓa aure ba. Tare yake zaune da mahaifiyarsa da ƙannensa mata uku, Anna da Dina da Mariya Teresa, waɗanda su ma ba wadda ta yi aure. Ɗakin kwanansa shi ne ɗakin aikinsa, kuma baƙo ba ya isa wurinsa sai ya ratsa ta ɗakin ƙannen. A wannan ɗan ɗaki ya yi mafi yawan zane-zanen fenti kusan 1,350 da ya bari, kuma kaso mafi tsoka a cikinsu hoton abu iri ɗaya ne: kwalabe, da gwangwanaye, da butoci, da 'yan kwanuka, da ƙananan akwatuna, an jera su a kan tebur.

Wanda ya fara cin karo da aikinsa yakan yi tsammanin an rage masa wani abu. Zanen ƙarami ne, yawanci bai wuce faɗin faranti babba ba. Launukan duk a dushe suke: toka-toka, ruwan ƙasa, fari mai dauɗa, ja irin na tsohon bulo, wani lokaci ɗan shuɗi. Babu mutum, babu taga, babu labule, babu ko ɓawon lemo da zai nuna wani ya ci abinci a wurin. Layi ɗaya ne a kwance ya raba tebur da bango, sai kayan a tsakiya sun cure kamar iyalin da aka tara za a ɗauki hoto. Italiyawa na kiran irin wannan zane natura morta, wato halitta matacciya, kuma tun ƙarni na 17 makarantar zane ta Faransa ta ajiye shi a matakin ƙarshe na daraja, can ƙasa da zanen yaƙe-yaƙe da na sarakuna da na shimfiɗar ƙasa. Morandi ya ɗauki wannan reshe da aka raina ya zauna a kansa shekara hamsin.

Bayanin da aka fi yi wa wannan zama shi ne na begen da. Ana cewa ga wani bawan Allah mai son tsofaffin kaya, yana bin 'yan gwanjo yana sayen abin da mutane suka yar, yana ba su mutunci a kan ƙyallen zane don kada zamani ya shafe su. Bayani ne mai daɗin ji, kuma shi ne ke sa mutane da yawa su rataye kwafin aikinsa a falo. Amma bai dace da abin da mutumin yake yi da hannunsa ba.

Gaskiya ne yana sayen kayan a wurin masu tsofaffin kaya, wasu kuma daga kicin ɗin gidansu ya ɗauko. To amma da ya kawo su ɗaki me yake yi musu? Yana ɓare takardar da ke jikin kwalba. Yana tsiyaya fenti a cikinta ya jujjuya har ya rufe gilashin, ko kuwa ya shafe bayanta da farin fenti don ta daina ƙyalli, ta daina nuna abin da ke bayanta. Daga nan ya bar ƙura ta hau, kuma an san ba ya yarda a kaɗe. Masanin tarihin zane Jon Rewald, da ya ziyarce shi a 1964, ya ba da labarin kaurin ƙurar da ya tarar a kan kayan, ƙura mai laushi da ta daɗe tana taruwa. A cikin kayan akwai gwangwanin Ovaltine, irin wanda mu ma a gidajenmu ake zuba sukari ko allura da zare bayan an shanye abin da ke ciki. A zanen Morandi ba za ka gane shi ba. Ya koma wani dunƙulen abu mai tsayi kaza da launi kaza, ba suna, ba kamfani, ba shekara.

Mai begen da ba haka yake yi ba. A Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 an yi Wiliyam Harnet da Jon Fito, waɗanda suka zana tsofaffin littattafai da goge da lofe da wasiƙun da suka yi ja. Su kam kowane tabo suna bin sa, kowace tsatsa, kowane yagewar takarda, don mai kallo ya ji hannun wanda ya riƙe abin a da. Tsufan kayan shi ne labarin. Kafin su, masu zanen Holan na ƙarni na 17 sun cika tebur da kofunan azurfa da 'ya'yan itatuwan ƙasashen waje, wani lokaci su ajiye ƙoƙon kan mutum a gefe don tunatarwa cewa duniya ba wurin zama ba ce. Morandi ya cire duka biyun, ya cire tarihin kayan ya cire wa'azin. Abin da yake so a wurin tsohon gwangwani shi ne ya riga ya gama amfaninsa, ba wanda ke neman sa, don haka zai tsaya inda aka ajiye shi shekara talatin ba tare da ya ja hankalin kowa zuwa wani labari ba. Sabon kaya yana da surutu, yana tallar kansa. Tsohon da aka shafe wa suna ya fi saurin yin shiru.

To idan an kwashe labarin, me ya rage a kalla?

Amsar tana cikin yadda yake shirya aiki. Yana da tebura masu tsayi daban-daban, don ya kalli kayan daga sama ko daidai ido. Yakan shimfiɗa takarda a kan tebur, ya zagaye gindin kowace kwalba da fensir don ya san inda ta tsaya, ya sa alama a inda shi kansa yake tsayawa. Takardun nan suna nan har yau, cike da da'irori sun hau kan juna. Yakan ɗauki kwanaki yana matsar da kaya kafin ya taɓa burushi, shi kuwa fentin kansa ba ya cin lokaci sosai, ana ganin saurin hannun a jikin zanen. Ke nan nauyin aikin yana wurin jerawa, wato a tazarar da ke tsakanin wannan da wancan.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a zamanin da ake yayin langa da samira da kwalla ya ga matan da ke yin jere. Ɗaya za ta ɗora kumbo, ta ja da baya, ta karkata kai, ta dawo ta matsar da shi da faɗin yatsa. Ba ta iya gaya maka dalili, amma idonta ya san cewa a can ba daidai ba ne, a nan daidai ne. Wannan ilimin ne Morandi ya mayar sana'ar rayuwa. Bambancin shi ne jere yana son ƙyalli da yawa, yana shelar cewa gidan su yarinya sun yi ƙoƙari, shi kuwa nasa jeren ya kashe ƙyallin ya rage yawan, har ya zama ba abin da ya saura sai matsarwar nan ta faɗin yatsa.

A nan ne zanen ke fara aiki a kan mai kallo, in ya yi haƙuri. Ka ɗauki ɗaya daga cikin na shekarun 1950. Farar kwalba mai dogon wuya tana tsaye a gaban akwati mai ruwan ƙasa. Gefen kwalbar da gefen akwatin sun zo a kan layi ɗaya, don haka idonka ba ya iya yanke hukuncin wanne ne ya ƙare wanne ya fara. Tsakanin kwalabe biyu akwai wani duhu. Da farko ka ce inuwa ce, can ka ce a'a, wani gwangwani ne a baya, can kuma ka ga kamar rami ne kawai. Bangon baya, wanda ya kamata ya koma nesa, an shafa masa fenti mai kauri daidai da na kayan, sai ya matso gaba ya cika tsakaninsu kamar laka a tsakanin tubali. Layukan ba su miƙe ba, suna ɗan rawa, bakin kwalba ya karkace kaɗan. Ba rashin iyawa ba ne, domin mutumin da ya koyar da zane fiye da shekara arba'in ya san yadda ake jan layi. Yana zana abu ne yadda ido ke ganinsa in an daɗe ana kallo, lokacin da sunan abin ya fara sulalewa daga kai, siffarsa ta fara motsi. Kowa ya taɓa maimaita kalma ɗaya a baki har ta zama baƙuwa ya san irin wannan yanayi.

Masu sharhi sun sha kwatanta jerin kwalabensa da hasumiyoyin Bolonya, kuma launukansa lallai na bangayen birnin ne. Kwatancen bai yi laifi ba, amma ni ina ganin yana sauƙaƙa abin da yawa, yana ba mai kallo mafita ya ce ashe gari ake nufi, ya huta. Zanen ba ya son a huta da wuri haka.

Bai faɗo daga sama ba. An haife shi a 1890, ya yi karatu a makarantar zane ta Bolonya daga 1907 zuwa 1913. A 1910 ya je Fulorans ya ga aikin Jotto da Masacco da Uccello. Sezan, Bafaranshen da ya fi kowa tasiri a kansa, a hotunan baƙi da fari na cikin littafi ya fara saninsa, kuma har ya mutu bai taɓa taka Faris ba. Ya ɗan leƙa ƙungiyar masu ɗaukaka injina da gudu, ya ɗan zauna da su De Kiriko da Karra wajen 1918 zuwa 1919, inda ya zana kawunan gumakan tela da layuka masu kaifi kamar na injiniya. Waɗannan zane-zane suna da tsafta, amma a ganina sanyi gare su, aron murya ce. Daga 1920 ne ya koma kan tebur da kwalabe, hannunsa ya saki.

Akwai kuma ɓangaren aikinsa da ba a cika magana a kai ba, wato zanen da ake ƙarzawa a kan farantin jan ƙarfe, a sa ruwan asid ya ci layukan, a shafa tawada a buga a takarda. Ya yi irin wannan sama da 130, kuma shi ya koyar a makarantar da ta yaye shi daga 1930 zuwa 1956. A nan babu launi ko ɗaya, sai ƙananan layuka masu giciye juna, inda suka yi yawa ya yi duhu, inda suka yi ƙaranci ya yi haske. A babban zanensa na 1928 mai fitila a hannun dama, kusan babu kwalbar da aka zagaye da layi, kowacce tana fitowa ne saboda saƙar da ke kewaye da ita ta fi ta duhu ko ta fi ta haske. Wanda ke son ya gane fentinsa, ta nan ya kamata ya shiga.

Zargin da ya fi bin sa shi ne maimaici, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. A 1952 ya yi jerin zane-zane na kaya iri ɗaya da wani ƙyalle ruwan ɗorawa a dunƙule a cikinsu, bambancin wannan da wancan ɗan matsi ne ko sauyin haske. In aka rataye su a jere, abin sha'awa ne, kana ganin tunani yana tafiya taki-taki. In aka raba su, ɗaya a Milan ɗaya a wani gidan attajiri, kowanne yakan zama kamar shafi guda da aka yage daga littafi. Kuma cikin zane fiye da dubu dole a sami waɗanda hannu ne kawai ya yi su, ido yana hutu. Zanen furanninsa, waɗanda sau da yawa furannin roba ne na alharini ko takarda, kuma yakan ba da su kyauta ga abokai, da yawansu kyau kawai gare su, ba su da wannan rikitar da ido da ke cikin kwalaben. Mai karatun da zai neme shi a waya kuma ya sani cewa gilashin waya yana cutar wannan mutum fiye da yadda yake cutar wasu, domin yana ƙara wa launi haske yana shafe kaurin fenti, abubuwa biyun da aikin ya dogara a kansu.

Sai maganar da ta fi nauyi. Shekarun da Morandi ya yi yana matsar da kwalabe su ne shekarun da Musolini ya hau mulki a 1922, ya rufe bakin 'yan adawa, ya kai yaƙi Habasha a 1935, ya kafa dokokin wariyar Yahudawa a 1938, ya jefa ƙasar cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan an gama yaƙi, masoyansa sun gina masa suna na waliyyin zane, wanda ya rufe ƙofa ya ƙi zana jarumai da tutoci, suka ce shirunsa shi ne adawarsa. Suna da abin kafa hujja: a 1943 'yan sanda sun tsare shi na kusan mako guda saboda abotarsa da masanin zane Karlo Ragiyanti da wasu masu adawa da gwamnati. Kuma masu tsattsauran ra'ayi a cikin 'yan Fasist sun sha yi masa gorin cewa ƙasa na neman zanen ɗaukaka shi yana fama da kwalabe.

Amma sauran takardun ba su ɓace ba. A ƙarshen shekarun 1920 yana tare da ƙungiyar Strapaese, masu ɗaukaka ƙauye da al'adar gargajiya a cikin tafiyar Fasist, kuma mujallarsu Il Selvaggio ta buga ayyukansa. A 1928 ya rubuta ɗan tarihin kansa a L'Assalto, jaridar jam'iyyar a Bolonya, inda ya bayyana imaninsa da tafiyar. Ya shiga nune-nunen Novecento na 1926 da 1929 da Margarita Sarfatti, ta hannun daman Musolini, ta shirya. Kujerar koyarwar da ya samu a 1930 an ba shi ne ba tare da gasa ba, bisa shahararsa. A babban nunin Roma na 1939 an ware masa ɗaki guda, ya kuma karɓi kyauta ta biyu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ko da askin Morandi bai wuce yin shiru ba, an biya shi, ya karɓa.

Shiru ma magana ce, amma ba kullum take nufin a'a ba. Zanen kwalba bai yabi Musolini ba, bai kuma hana shi barci ba, shi ya sa gwamnatin ta iya rataye shi, waɗanda suka gaje ta ma suka rataye shi. A shekarun yaƙin ya zana ƙwaryar dodon koɗi da sauran bawon halittun teku, masu ƙayoyi da murɗewa, cikin launuka masu duhu, kuma akwai masu karanta tashin hankalin lokacin a jikinsu. Mai yiwuwa ne. Daga 1943 zuwa 1944 ya yi gudun bama-bamai zuwa ƙauyen Girizana a kan duwatsu, inda ya saba zuwa hutun bazara, ya zana gidaje da tuddai babu mutum ko ɗaya. A kakar 1944 sojojin Jamus suka kashe fararen hula kusan 770 a yankin Marzabotto, kuma ƙasar Girizana na cikin inda abin ya shafa. Babu alamar wannan a aikinsa, kafin ko bayan. Ba na cewa wajibi ne mai zane ya zama ɗan jarida. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki rashin alamar a mayar da shi jarumta. Ingancin zanen yana tsaye da ƙafarsa ba tare da an ara masa wannan rigar ba, kuma masu ara masa ita suna nuna kamar ba su yarda kallon kwalba kaɗai ya isa dalilin rayuwa ba.

Shi kansa yana da hannu a ginin wannan suna. Mutumin da ake cewa bai san duniya ba ya san wanda zai sayar wa zane da wanda zai sa ya jira, ya lalata ayyukan ƙuruciyarsa da bai so a gani, yana kuma bin abin da ake rubutawa a kansa. Da abokinsa Faranchesko Arkanjeli ya rubuta littafi a kansa a farkon shekarun 1960, ya sa shi cikin rigingimun zamaninsa da tarihin garinsu, Morandi ya ƙi amincewa da littafin, abotar ta lalace. Littafin bai fito ba sai a 1964. Mai ɓare takarda daga jikin kwalba ya so a ɓare tasa ma.

Duniya kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ya ci kyautar zane a babban nunin Fenis na 1948, ya ci babbar kyautar Sawo Fawlo a Birazil a 1957. A fim ɗin La Dolce Vita na Fellini, na 1960, zanensa na rataye a falon wani ɗan boko mai natsuwa da iyali, wanda daga baya ya kashe 'ya'yansa ya kashe kansa. Fellini ya fi masu sharhi da yawa gane cewa natsuwar da ke cikin zanen ba lallai ta zama kwanciyar hankali ba. A 2009 iyalin Obama sun aro biyu daga cikin zane-zanensa suka rataye a fadar shugaban Amurka. A ƙasar Sin kuma sunansa ya zama sunan wani rukunin launuka masu dushewa da ake yayi a tufafi da fentin ɗaki, wanda ke nuna an ɗauki abin da ya fi sauƙin ɗauka an bar sauran.

Ƙanwarsa Mariya Teresa ce ta ba birnin Bolonya tarin ayyukansa, aka buɗe gidan adana su a 1993, sannan a 2009 aka buɗe gidan titin Fondaza ga masu ziyara, da gadonsa da teburansa da kayan. A 2015 Ba'amurke mai ɗaukar hoto Jowel Meyerowiz ya sami izinin shiga, ya ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya, fiye da 250, kowanne shi kaɗai a kan teburin, a gaban takardar da Morandi ya manna a bango. Hotunan suna da kyau, kuma sun dawo da duk abin da mai kayan ya yi shekaru yana cirewa: ga tsatsa, ga lanƙwasar murfi, ga inda fenti ya ɓare gilashi ya leƙo, ga shekarun kowane abu a fili. Ka ga gwangwani ka ce gwangwani ne, ka ga buta ka tuna ta kakarka. A ƙarƙashin kowanne kuma ana hango da'irorin fensir na inda maƙwabtansa suka taɓa tsayawa.